Ciyawa A Tukunyar Dabino

"Tsaya, tsaya... wannan ne dabinon da ake ta ba mu labari?"

Sakatariyar ƙungiya ce ta yi tambayar, tana nuna tukunyar da ɗan yatsa, ɗaya hannun kuma dafe da ƙirji.

Auta ta yi murmushi ta gyara mayafinta. Tun da sassafe take shara da goge-goge, domin yau ce ranar da 'yan ƙungiyar masu son shuke-shuke za su ziyarci gidansu, kamar yadda suke zagaya gidajen juna duk ƙarshen wata. Ita kanta tukunyar sai da ta wanke ta, ta ɗinka mata riga da ragowar yadi, ta ɗora ta a kan kujera a tsakar gida.

"Shi ne," ta ce. "Kin ga yadda ya yi kyau ko?"



Maza da mata suka tsaya cirko-cirko suna kallon juna. Baba Direba, dattijon ƙungiyar, ya sunkuya ya murza ganye ɗaya a tsakanin yatsunsa, sannan ya ɗago da fuskar tausayi.

"'Yata... wannan ai ciyawa ce."

"Na'am?"

"Ciyawa. Irin wadda awaki ke ci a bakin hanya."

Sakatariya ta fashe da dariya har da tafa hannu.

"Wayyo cikina! Jama'a, ku zo ku ga ciyawa mai riga! Ashe wata da watanni ciyawa ake yi wa ban ruwa!"

Wasu suka yi ta danne dariya, wasu kuwa ta ƙwace musu. Auta ta sunkuyar da kai ƙasa. Ba dariyar ce ta fi ƙona ta ba. Mutumin da ke tsaye can baya ne, wanda kowa ke kira Mai Dabino, shi da ya ba ta tukunyar da hannunsa. Shi kaɗai ne bai yi ko murmushi ba.

Ya ratso mutane ya durƙusa, ya tura yatsa cikin ƙasar yana lalube. Can ya zaro ƙwallon dabino, baƙi ƙirin, ya ruɓe, da ɗan guntun tsiro busasshe a jikinsa.

"Auta," ya ce a hankali, "wani abu bai taɓa fitowa a gefe ba? Siriri, mai tauri, kamar tsinken tsintsiya?"

"Ya... ya fito."

"Ina yake?"



"Na yanke shi."

"Da me?"

"Da almakashi..." Muryarta ta karye. "Na ɗauka shi ne ciyawar. Yana ta sake leƙowa, ina ta datse shi. Daga ƙarshe na tura bakin almakashin har cikin ƙasa."

Wannan karon ko Sakatariya ba ta yi dariya ba.

Mai Dabino ya damƙe ƙwallon a tafinsa, ya miƙe ya fita. Auta kuwa ta ruga ɗaki ta faɗa kan gado, tana jin da ma ƙasa ta tsage ta shige.

To, bari in koma baya kaɗan, don kada a ɗauka yarinyar nan sakarya ce. Ba sakarya ba ce. Tela ce mai hannu, irin wadda za ta kalle ki sau ɗaya ta yanka miki riga daidai jikinki. Amma shuka? Wallahi ko albasa ba ta taɓa dasawa ba.

Abin da ya ja mata shi ne wata ranar da ta fita kai ɗinki, ta tarar da mutane sun yi dafifi a ƙofar wani gida, kowa na fitowa rungume da baƙar leda mai ƙasa a ciki. Ta leƙa. Wani dogon saurayi ne a durƙushe, malamin asibiti, hannun rigarsa a naɗe, yana rabon 'ya'yan dabino kyauta. Duk wanda ya miƙa wa sai ya ce, "Amana ce, a kula da shi."

Ta tsaya kallon mutum har rabon ya ƙare.

"Kin makara, ƙanwata," ya ce da ya ɗago. "Ke ma mai son shuka ce?"

A nan ne fa bakinta ya yanke mata tikitin wahala.

"Ni? Ai tun ina ƙarama nake lambu."

Ya dube ta, sannan ya shiga gida ya fito da tukunyar ƙasa.

"Wannan bai leƙo ba tukuna, amma ya kusa. Tunda ke 'yar hannu ce, ba sai na yi miki bayani ba."

Ta yaya wadda ta ce tun tana ƙarama take lambu za ta buɗe baki ta tambayi kamannin tsiron dabino? Abu biyu suka fito a tukunyar. Ɗaya kore shar, mai laushi, mai saurin girma. Ɗaya kuwa tsinke ne ƙiƙam, ba kyan gani. Ita kuma tela, in ta ga zare ya leƙo inda bai dace ba, hannunta ba ya shawara da ita.

Aka sa ta a ƙungiya. Kullum da safe sai ta kira shi.

"Yau ya ƙara ganye!"

"Kai! Da gaske?"

"Allah kuwa. Ya kusa kai gwiwata."

Daga labarin ganye aka koma labarin aiki, daga nan aka koma "kin tashi lafiya, Autata?" Sakatariya, wadda ta daɗe tana yi wa Mai Dabino shimfiɗar fuska bai kula ba, tana jin wannan fariya a ƙungiya ta san akwai lauje cikin naɗi. Nata dabinon da ƙyar ya yi ganye biyu. Ita ce ta kawo shawarar a je gidan su Auta a ga abin al'ajabi.

Aka je, aka gani.

Bayan baƙi sun watse, Mama ta ɗaga labule ta tsaya a kanta.

"Sai ki tashi ki share hawaye. Kin tara mini jama'a a gida kin zubar mini da mutunci."

"Mama, ke ma ba ki gane ba?"

"Na gane mana! Kullum in na wuce sai in ce, ikon Allah, wannan abu kamar ciyawa. To amma kin ce dabino ne, na ce ƙila na zamani ne." Ta ja tsaki. "Da ma ni hankalina bai kwanta da shi ba. Namiji da aikinsa, ya ɓige da wasa da ƙasa kamar ɗan yaye. Allah ya raba, a huta."

Auta ta ƙara cusa kai cikin matashi.

Kwanaki suka wuce, wayarsa ba ta shigo ba. Ita ma ba ta kira ba. Ta ce masa me? Ko hanyar gidan su Mai Dabino ta daina bi, sai ta yi dogon zagaye ta bayan makaranta. In ta ji mutum biyu na dariya a titi, sai ta ɗauka da ita suke.

Wata safiya tana kan keken ɗinki, inuwa ta tare ƙofar shago. Wata mata ce mai cikar kamala, doguwa kamar Mai Dabino, hancinsu iri ɗaya. Ba sai an faɗa wa Auta ba. Ta zame daga kujera ta durƙusa.

"Ina kwana, Yaya."

"Ke ce mai almakashin?"

Auta ta sunkuyar da kai.

"Ba faɗa na zo yi ba. Na zo ne ki san abin da kika yanke, don na san ƙanena ba zai faɗa miki ba." Yaya ta ƙi zama. "Bishiyar mahaifiyarmu ce. Ita ta shuka ta da hannunta. Bayan rasuwarta iska ta kayar da ita. Ya bi ƙasa yana tsintar 'ya'yanta na ƙarshe, ya rene su, ya raba wa masu kula, don kada irin ya ɓace. Guda ɗaya tak ya ajiye wa kansa, zai dasa a gurbin uwar."

Auta ta ɗago kai.

"Shi ne wanda ya ba ki."

"Innalillahi..."

"Na ce masa kada ya bayar. Ya ce ai kin iya. Rashin sani ba laifi ba ne, yarinya, kowa da ranar da ya fara. Ƙaryar ce ta kashe shi. Kuma mai yi wa mutum ƙarya a ranar farko, ban ga yadda za a yi zaman shekaru da ita ba."

Ta juya ta tafi.

Auta ta daɗe a durƙushe, hawaye na ɗiga a kan yadin mutane. Kunyar da ta ji ranar ziyara ashe wasa ce. Waccan kunyar dariya ce, wannan kuwa ta cin amana.

Sai ta yanke shawara. Ko ba zai sake kallonta ba, sai ta mayar masa da dabinon mahaifiyarsa.

Gidan Baba Direba ta fara zuwa. Ya saurare ta har ta gama, sannan ya ja ta bayan gida ya nuna mata nasa, a ƙasa, an kewaye shi da bulo.

"Da yana tukunya, wallahi da yanzu na miƙa miki. Amma na dasa shi, saiwarsa ta yi nisa. In na tone shi yanzu, gawa za ki kai masa."

Ta bi sauran gida-gida. Ko'ina sai ta tsaya a bakin ƙofa ta haɗiye kunya kafin ta yi sallama, ko'ina sai an ɗan yi murmushi an ce, "A'a, mai ciyawa ce!" Kuma ko'ina amsar ɗaya ce, an riga an dasa.

Mutum ɗaya ce ta rage. Ita ba ta dasa nata ba, yana nan a tukunya a bakin tagar falonta, don Mai Dabino ya riƙa samun dalilin leƙowa.

Sakatariya ta ɗora ƙafa ɗaya kan ɗaya, ta bar Auta a tsaye.

"Ikon Allah! Yau gwanar lambu ce a gidana?"

"Aunty, alfarma na zo nema."

"Ina ji."

"Dabinonki... ki taimaka ki ba ni. Ba don ni ba. Shi zan mayar wa."

"Ki kai masa, ki zama jaruma, ya yafe miki, ni kuma in tashi a tutar babu? Kin ga na yi miki kama da wawiya?"

Auta ta durƙusa. Gwiwa biyu, a gaban matar da ta fi kowa yi mata dariya.

"Duk abin da kika ce zan yi."

Sakatariya ta daɗe tana kallonta, sannan ta miƙa hannu.

"Kawo wayarki. Ki fita daga ƙungiya, ki goge lambarsa a gabana. Ko a hanya kika gan shi, ki tsallaka titi."

Auta ta yi duk abin da aka ce. Amfanin me lambar za ta yi mata? Ai tuni ta goge kanta da kanta.

Ta rungumo tukunyar kamar jaririya. A hanya take kallon ganyen, tsayayye, mai tauri, mai layi-layi. Irinsa sak ta yi ta datsewa. Kuka ya ƙwace mata a tsakiyar titi, ba ta ma damu da masu kallo ba.

Ta auna lokacin da Mai Dabino yake wurin aiki, ta nufi gidansu. Yaya ce ta buɗe ƙofa.

"Ga shi, Yaya. Na bishiyar ne, daga wajen Sakatariya na roƙo. Ki ba shi haƙuri. Ba zan sake damunsa ba."

Yaya ta dubi tukunyar, ta dubi kumburarrun idanun yarinyar.

"Sakatariya ta ba ki? Haka kawai?"

Auta ta kau da kai. Ta ajiye, ta juya da sauri.

Washegari da hantsi tana tsakar gida, ta tsinci kanta a bayan randa riƙe da kofi, tana zuba wa ciyawar nan ruwa. Tun ranar abin kunya ta tura ta can don kada ta riƙa ganinta, amma ta kasa zubarwa, kuma hannu ya riga ya saba.

Sai ta ji sallama.

Kofin ya suɓuce.

Shi ne. Ya rame, idanunsa sun faɗa. Ya durƙusa ya gaida Mama da ke bakin ƙofar ɗaki, ta amsa a daƙile, ta shige ciki, amma ta bar labule a ɗage.

"Na mayar wa Sakatariya dabinonta," ya ce.

"Ka mayar? Don me? Ka san abin da na..."

"Na sani. Yaya ta je ta titsiye ta, ta faɗi komai. Kyauta na ba ta, Auta, ba na karɓe kyauta. Kuma ba zan dasa bishiyar Ummata da kukanki ba."

Ta rufe fuska da mayafi.

"Don Allah ka tafi. Ba zan iya kallonka ba."

"Ni ne ba zan iya kallonki ba. Me kike zaton ya hana ni kira?"

"Fushi..."

"Kunya."

Ta ɗan janye mayafin.

"Tun safiyar da kika ce ya ƙara ganye har ya kusa gwiwarki na san ba dabino kike ba ni labari ba. Dabino ba ya gudu, rarrafe yake. Na san ciyawa ce ta fito. Na ce a raina, ba komai, suna girma tare, wata rana zan zo in cire ta."

"Ka sani? Ka sani ka yi shiru?"

"Na ji tsoro. Na ga in na gyara miki za ki ji kunya, ki daina kirana da safe. Ni kuma wannan kiran..." Ya sunkuyar da kai. "Kalma ɗaya daga bakina da ta cece shi, da ta cece ki daga dariyar mutane. Na zaɓi jin muryarki. Ke kika riƙe almakashin, amma ni na bar shi a hannunki. Haka na faɗa wa Yaya."

"Me ta ce?"

"Ta ce ashe mu biyun duk ba mu da gaskiya, gara a haɗa mu wuri ɗaya kada mu cuci wasu."

Dariya da kuka suka haɗe wa Auta lokaci guda.

"Amma dabinon Umma ya tafi," ta ce. "Na kashe maka shi. Wannan ba ya gyaruwa."

"Wancan ya tafi. Ya yi mini ciwo, ba zan ɓoye miki ba, har yanzu yana yi." Ya kau da kai. "Amma 'yan'uwansa suna gidajen mutane. Baba Direba ya yi mini alkawari, ran da nasa ya yi 'ya'ya, ƙwallon farko nawa ne."

"Yaushe ke nan?"

"Shekaru. Ƙila ma nasa ya fito namiji, bai haihu ba, sai mu jira na wani."

"Mu?"

"Mu." Ya ɗago ya dube ta sosai, karon farko. "Jiran yana da tsawo, Autata, ba na so in yi shi ni kaɗai. Za ki jira tare da ni?"

 Kai kawai take gyaɗawa, hawaye na zuba.

"Amma ban iya komai ba," ta ce da ƙyar. "Ko albasa ban taɓa dasawa ba. Gaskiyar ke nan."

"Na ga yadda kika riƙe ciyawa. Ba ki taɓa barinta da ƙishi ba, har riga kika ɗinka mata." Ya nuna bayan randa, inda ƙasar tukunyar take jiƙe sharkaf. "Ko bayan ta kunyata ki ba ki fasa ba. Ki ba ni ita."

"Ciyawar?"

"Na ba ki shuka, ke ma ki ba ni."

Daga cikin ɗaki muryar Mama ta fito.

"Kai, mai wasa da ƙasa! In da gaske kake, ka turo manyanka. Amma ina ba ka shawara, ka nemi inda za ka riƙa ɓoye almakashi!"

Haka aka yi. Ba a daɗe ba aka ɗaura aure, Sakatariya ta ce tana da ciwon kai ba ta samu zuwa ba.

In ka shiga gidan yau, a gurbin tsohuwar bishiyar za ka ga rami an kewaye shi da bulo, ba komai a cikinsa tukuna. A gefensa kuma ga tukunya mai riga, ciyawa ta yi kore shar a ciki. Baƙo ba ya rasa tambaya.

"Wai me ya sa kuke yi wa ciyawa ban ruwa?"

Har yanzu Auta sunkuyar da kai take yi in an tambaya. Mijinta ne ke amsawa.

"Gadin wuri take yi," sai ya ce. "Muna jiran mai wurin."